Sai Bayan Salla

Karu, Abuja

Abba,

Assalamu alaikum. Ina yi maka sannu da gajiyar hanya, da fatan Allah ya sauke ka Fatakwal lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a masauki da wurin aiki. Babanku yana gaishe ka. Ƙannenka ma suna gaisuwa, ko da yake tun ba ka kai tasha ba suka fara rigima a kan wanda zai gaji ɗakinka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙasan jaka, tsakanin kwalbar yaji da ƙullin kuka. Ka san ni da kai. Kai ne ɗan fari, ga shi sunan mahaifina gare ka, don haka ban taɓa iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana ido da ido ba. Da ka durƙusa kana yi mini sallama, abin da ya iya fitowa daga bakina kawai shi ne ka riƙe salla, ka rage shan ruwan sanyi. Sauran maganar ban faɗe ta ba. Ga ta nan a rubuce, ka karanta idan ka huta.

Ba zan yi maka wa'azin gaskiya da riƙon amana ba, Babanku ya gama da wannan tun kana ƙarami. Abin da nake ji maka tsoro daban ne. Halina ka ɗauko kaf. A taka ka, ka ce ba komai. Babba ya yi maka alkawari, ka ji nauyin tuna masa. A gida wannan hali abin so ne, kuma ina alfahari da shi. Amma a wurin aiki ya kusa raba ni da aikina da sunana gaba ɗaya. Ba ka san labarin ba, don mun ɓoye muku. Wataƙila dai kana tuna wani azumi, kana firamare, da nake gida kullum ina soya muku ƙosai tun la'asar, kuna ta murna wai Mama ta samu dogon hutu. Dakatar da ni aka yi daga aiki.

Lokacin ina aikin jinya a ƙaramin asibitin ma'aikata na hukumarmu, can cikin gari. Shugabanmu shi ne Dakta Lawal, wanda ka sani, mai kiran ka injiniya tun ba ka iya ɗaura tazuge ba. Mutumin Zariya ne kamar mu, masallacin Juma'arsu ɗaya da Babanku. Wata safiya ina tsakiyar aiki aka bugo mini waya cewa Inna, kakarka, ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Na shiga ofishinsa na gaya masa. Ya yi salati, ya ce, "Je ki, Sista Hadiza. Kada ki dawo sai ta samu sauƙi." Na ɗauki jakata na nufi tashar motar Zariya. Ban cike takardar hutu ba, ban ce ya rubuta mini ko layi ɗaya ba. Tunanin ya zo mini a bakin ƙofa, na kore shi. Mutum ya tausaya mini haka, in juyo in ce ya rubuta? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba ne.

Ina can ina jinya masu bincike suka zo daga babban ofis ba sanarwa. Suka tarar da gurbina babu kowa, babu kuma takardar da ta nuna inda nake. Suka tambayi Dakta. Ashe shi ma ba shi da ikon ba da hutu mai tsawo haka sai ya sanar da sama, kuma bai sanar ba, ga shi yana jiran ƙarin girma. Ya ce musu zai bincika. Daga nan bai koma ya gaya musu shi ya ba ni izini ba. Ban ce mugun mutum ne ba, Abba. Tsoro ne ya kama shi, kuma tsoro yana kama mutanen kirki.

Don haka duk izinin da aka ba ka da baki, ka nemi hanyar da zai zama a rubuce. Na san za ka ji kunya, ni na haife ka. Ga dabarar da na koya daga baya: ka mai da shi godiya. Da ka fita daga ofishin oga, ka tura masa saƙo ta waya ka ce ka gode da izinin da ya ba ka na tafiya wuri kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza. Shi zai ji daɗi an gode masa, kai kuma ka samu shaida, ba wanda ya ji ciwo.

Da na dawo na tarar da takardar tuhuma tana jira na, wai in bayyana dalilin da ya sa na bar aiki ba izini. A nan na yi wautar da har yau nake wa kaina dariya idan na tuna. Na amsa ta yadda aka koya mana amsa wa manya. Ka san a gidanmu idan babba ya yi faɗa, ko kai ke da gaskiya sai ka sunkuyar da kai ka ce ka yi kuskure, a yi haƙuri. Shi ma ya san ba ka yi laifin ba, ladabi ne kawai, magana ta wuce. Haka na zauna na rubuta da Turancina mai kyau cewa na amsa kuskurena, ina neman afuwa, ba zan sake ba. Ban ambaci sunan Dakta ba ko sau ɗaya, wai ni mai rufa wa babba asiri. Na miƙa, har ina jin na iya zama da mutane.

Waɗanda suka karanta ba a zauren gidanmu suke zaune ba. Abin da suka gani shi ne ma'aikaciya ta amsa laifinta da hannunta, ta sa hannu a ƙasa. Ka ba da haƙuri da baki yadda kake so, ka durƙusa ma idan ta kama, ba zan hana ka ba. Amma a takarda ka rubuta abin da ya faru kawai: yaushe, a ina, wa ya ce me. Kuma kada ka miƙa amsar tuhuma sai wakilin ƙungiyarku ya gani.

Ni a lokacin ko kallon ƙungiyar ma'aikata ba na yi. Ina ganin su masu hayaniya ne, masu son rufe ƙofa da ɗaga kwalaye. Wakiliyarmu ita ce Rifkatu, wadda ke ɗakin ba da magani, tsarata ce, tare muka fara aiki. A Orozo take zaune, can gaba da Karu, tana da 'yar gonarta, kowace kaka sai ta cika mana ofis da gyaɗa. Duk ranar taro sai ta leƙo ta ce in zo, ni kuma in ce mata ina da marasa lafiya, ko da kuwa benci babu kowa. Takan yi dariya ta ce wata rana da ƙafata zan neme ta. Ban neme ta ba, don girman kai da kunya sun haɗu sun danne ni.

Azumi yana kamawa hukunci ya sauko. An dakatar da ni, an rubuta a fayil ɗina cewa na gudu daga aiki, an kuma tura shi sama da shawarar a sallame ni. Shekarun da na yi ina wanke ciwon mutane, ban taɓa makara ba sai da dalili, abin da za a tuna da ni ke nan. Wannan ya fi rashin albashin yi mini zafi. Sannan wata gwaggonka mai saurin baki ta kai wa Inna labari tana kwance. Tun daga ranar, duk sanda aka kara mata waya a kunne, da harshenta da ya karye, magana ɗaya take maimaitawa: ita ta jawo mini. In ce mata ba haka ba ne, ta ce ita ta jawo mini. Aka ce har abinci ta rage ci.

Ni da Babanku muka shirya muka je gidan Dakta Lawal gaisuwa. Ya karɓe mu da mutunci, amma ya kasa haɗa ido da ni. Bayan an gama zagaye-zagaye ya ce, "Ku bar maganar nan sai bayan Salla. Wata ne mai alfarma, ba a tada rigima a cikinsa. Da an sauko Idi zan shiga wurin darakta da kaina in warware komai."

Wallahi sanyi na ji har cikin raina. Kai ma ka san nauyin wannan kalma a wurinmu. Maganar aure, sai bayan Salla. Gyaran rufin ɗaki, sai bayan Salla. 'Yan uwa sun saɓa za a zauna, sai bayan Salla. Ba wanda yake jin ta a matsayin an ƙi shi, kuma wanda ya matsa bayan an faɗa masa haka shi ake gani marar tarbiyya. Muka yi godiya muka dawo gida, na ci gaba da suyar ƙosaina ina jiran ganin wata.

Wata Asabar da rana sai ga Rifkatu ta yi sallama, ta sha hanya tun daga Orozo, ƙafafunta duk jar ƙasa. Na kawo mata ruwa ta ƙi sha, ta ce ba za ta sha a gaban mai azumi ba. Ta zauna a tabarma ta fara yi mini faɗa, me ya sa sai a bakin masinja za ta ji an dakatar da ni. Na ba ta labari tun daga farko, na ƙare da cewa ta kwantar da hankalinta, oga ya ce sai bayan Salla.

Ta dube ni ta ce, da irin Hausarta, "Sista, agreement ɗin mu bai san Salla ba. Sati uku ne, daga ranar da kin karɓi letter. Takarda ba ya azumi. Kafin ku ga wata, ƙofa ya rufe."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiya da hukuma, wadda ta ba duk wanda aka hukunta damar shigar da koke a rubuce, amma cikin wa'adi. Idan wa'adin ya wuce, ko gaskiyarka ta kai girman dutsen Zuma ba mai sauraron ka, za a ce ka yarda da hukuncin ne. Muka lissafa tare, muka ga nawa wa'adin zai cika ana saura 'yan kwanaki Salla.

Babanku yana jin mu daga ɗaki, ya fito. Ka san shi da gudun fitina. Ya ce shi bai ga yadda za a yi matarsa ta kai ƙarar mutumin garinsu a cikin watan azumi ba, bayan mutumin ya yi alkawari da bakinsa. Ina zai sa fuskarsa ranar Juma'a? Ni ma abin da ke raina ke nan. Rifkatu ba ta yi gardama da shi ba. Ta ce masa cikin ladabi wannan ba ƙara ba ce, ba kotu za a je ba, kuma ba da Dakta ake yi ba, da hukuncin ake yi. Koken riƙe ƙofa kawai zai yi kada ta rufe. Idan Dakta ya gyara bayan Salla, sai in janye, ita da kanta za ta raka ni. Idan kuma bai gyara ba, ina da inda zan tsaya. Ta ƙara da cewa ba mu kaɗai ba ne, su ma suna da tasu: ƙaninta ya rasa aikinsa a wani otal yana jiran bayan Kirsimeti. Ka riƙe wannan, don inda ka tafi wataƙila da Kirsimeti ko sabuwar shekara za a zo maka.

Duk da haka sai da na ƙara ɓata kwanaki ina juya abin a raina. In ɗauki biro in ajiye. Abin da ya tashe ni shi ne muryar Inna a waya. Na ce wa Babanku zan rubuta, amma zan fara zuwa in gaya wa Dakta da bakina, kada ya ji a sama. Ya ce shi zai kai ni. Dakta ya saurare ni har na gama, ya kau da kai ya ce, "Ashe ba ki yarda da ni ba." Na fito ina hawaye, amma ban fasa ba.

Rifkatu ta zaunar da ni muka rubuta. Duk inda na sa kalmar roƙo sai ta sa in goge. Abin da ya rage gajere ne: ranar da aka kira ni, wanda na gaya wa, abin da ya ce, da abin da nake nema, wato a janye hukuncin a cire kalmar gudun aiki daga fayil ɗina. Muka kai ofishin mulki. Na miƙa zan juya, ta riƙo gyalena ta ce ban gama ba, sai an buga wa kwafina hatimi da kwanan wata. Magatakardan ya ce hatimin yana hannun wani da ya tafi masallaci. Ta ja kujera ta ce za mu jira shi, muka kuwa jira.

Aka yi Salla. Ranar da aka koma aiki sai ga jerin canjin wuraren aiki a allon sanarwa, sunan Dakta Lawal a ciki, an tura shi Kalaba. Ko shi bai san da zancen ba. Kafin sati ya zagayo wata likita da ba ta taɓa ganina ba ta zauna a kujerarsa, abin da ta sani game da ni kawai shi ne abin da ke cikin fayil. Rifkatu ce ta bugo ta gaya mini. Bayan Sallar ta zo, mai alkawarin ne ba ya nan.

Daga nan abin ya bi matakansa, kuma ba zan ce maka da sauri ya tafi ba. Zaman farko da shugaban sashen mulki bai haifar da komai ba, ya ɗauko amsata ya karanta mini inda na ce na yi kuskure, ya tambaye ni ko ba rubutuna ba ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rifkatu ta ɗaga maganar zuwa mataki na gaba, shi ma da nasa wa'adin, ba ta bari ya kusa cika ba. Aka kai mu gaban kwamitin da ya haɗa mutanen hukuma da na ƙungiya. Kafin mu shiga ta ja mini kunne: kada in yi kuka, kada in zagi kowa, kada in ce a yi haƙuri, abin da aka tambaye ni kawai zan amsa.

Tunda kokena ya ambaci sunan Dakta, dole aka neme shi. Suka kira shi a waya, suka buɗe murya kowa yana ji. Shugaban zaman ya tambaye shi ko ya san da tafiyata. Dakta ya ce, "Ni na ce ta tafi. Laifin rashin sanarwa nawa ne."

Har gobe ina gode masa da wannan magana, don ta ja masa jinkirin ƙarin girmansa, kuma yana iya musantawa ba mai kama shi. Na fahimci wani abu a ranar. Da ba a tambaye shi a gaban mutane ba, da ba zai taɓa samun inda zai faɗi gaskiyar ba. Aka janye hukuncin, aka goge kalmar nan, aka ba ni gargaɗi a kan rashin cike takardar hutu. Wannan kam na cancanta, na karɓa hannu biyu. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya taɓa zumunci. An daɗe shi da Babanku gaisuwa ce kawai daga nesa, sai a wata jana'iza suka koma kamar da.

To, Abba, a satinka na farko ka tambayi wane ne wakilin ƙungiya a sashenku, ka je ka gaishe shi tun ba ka da matsala. Ka karɓi yarjejeniyarku ka karanta, ko ba ta da daɗin karatu. Wa'adinku ba lallai ya zama irin namu ba, ka san tsawonsa, ka san daga ranar da ake fara ƙirga shi, ka tambaya ko Asabar da Lahadi da ranakun hutu suna ciki. Idan abu ya same ka, ka bi manya, ka nemi sulhu, ka yi duk ladabin da muka koya maka, amma takardarka tana ciki da hatiminta. Kuma ranar da aka kira ka shaida a kan wani, ko wane ne shi, ko wace coci ko masallaci yake zuwa, ka faɗi abin da ka gani. Matar da ta tsaya mini ba ta haɗa komai da ni ba sai aiki, ban kuma taɓa zuwa taronta ba kafin nan.

Asabar ɗin farko bayan na koma aiki na tafi Zariya. Na san Inna ba za ta yarda da magana ba, za ta ce lallashin ta nake yi. Sai na tsaya a ɗakin gwaggonka na sa fararen kayana na aiki, har da hula, sannan na shiga wurinta. Tana kwance ta rame, ta daɗe tana kallona. Ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama bakin rigar tana murzawa.

Ta ce, "An mai da ke?"

Na ce, "An mai da ni, Inna."

Ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Da ta buɗe sai ta saki rigar ta ce, "To me kike yi a nan? Tashi ki koma, kada ki makara."

Ranar ta sha kunu kofi guda ba a roƙe ta ba. Ba ta kai azumi na gaba ba. Amma ta tafi ba ta ɗauke da laifin da ba nata ba, kuma duk cikin abin da koken nan ya dawo mini da shi, wannan na fi gode wa Allah a kai.

Allah ya tsare ka a kan hanya da wurin aiki, ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, ya ba ka shugabanni masu tausayi da abokan aiki masu tsayawa a kan gaskiya. Allah ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai lafiya. Idan ka yi salla ka sa kakarka a addu'a.

Wassalam.

Mamanka